Kujerar Karɓa-karɓa a Tarayyar Turai

A Tarayyar Turai, shugabancin Majalisar Ministoci karɓa-karɓa ake yi, kowace ƙasa wata shida. Da yake ƙasashen 27 ne, sai bayan shekara 13 da rabi zagaye ke dawowa kan ƙasa guda.

Ƙasar da ke kan kujera ba ta kafa doka ita kaɗai, amma ita ke kiran taro, ta tsara abin da za a tattauna, ta kuma sasanta masu jayayya. A nan ƙarfin yake. Fotugal, mai tsohuwar alaƙa da Angola da Mozambik, ita ce ke shugabanci lokacin taron ƙoli na farko tsakanin Afirka da Turai a Alƙahira a 2000, haka kuma na biyu a Lisbon a 2007.

Yarjejeniyar Lisbon, wadda ta fara aiki a 2009, ta rage wannan iko, domin taron shugabannin ƙasashe ya sami nasa shugaba, harkokin waje kuma suka koma hannun babban wakili. Duk da haka, tarurrukan ministocin noma, kuɗi da cikin gida suna nan hannun mai kujera. Saboda haka ya kamata gwamnatin Afirka mai buƙata a Turai ta san wa ke kan kujera kafin ta aika wakilai.