Haƙƙin Mai Gudu a Kan Ɗan Kallo

Sau ɗaya a shekara, galibi wata Asabar cikin Fabrairu, Legas takan hana motoci hawa manyan titunanta, ta bar wa masu gudun yada ƙanin wani. Tun 2016 ake wannan tsere, wanda bankin Access ke ɗaukar nauyinsa. Da sassafe aka saba tashi daga filin wasa na ƙasa da ke Surulere, a haye gadar Third Mainland, a ratsa Ikoyi da Lekki, a tuƙe a Eko Atlantic. Kilomita 42 ne da mita 195.

Wanda ya tsaya a bakin titi zai ga abin mamaki, amma ba zai daɗe yana ganinsa ba. Babura da motar agogo su wuce, sai ga 'yan Kenya da Habasha a dunƙule, ƙafa kamar ba ta taɓa kwalta. Kafin mutum ya gama ɗaga wayarsa sun ɓace. Abraham Kiptum na Kenya, wanda ya lashe karon farko, ya gama ne cikin awa biyu da minti 16. Bayansu sai 'yan gida, waɗanda 'yan Filato suka saba jagoranta, su ma su sha tafi. Daga nan taro yakan fara watsewa, kowa ya ce ai an gama.

Ba a gama ba, kuma a nan ne 'yan kallo ke tauye haƙƙi.

Dubban mutane na baya. Akwai ma'aikacin da ya yi watanni yana tashi kafin asuba don atisaye, akwai dattijo mai furfura, akwai matar da ta sha surutun unguwa kafin ta ɗaura takalmi. Waɗannan sukan yi awa biyar ko shida a hanya, bayan rana ta take, ga gumin Legas da ba ya bushewa. Gadar Third Mainland kaɗai ta haura kilomita 11, babu inuwa, babu gida ko shago, sai ruwa hagu da dama. Wajen kilomita 30 kuma, sikarin da jiki ya tara a tsoka yakan ƙare, ƙafa ta yi nauyi, zuciya ta fara cewa a haƙura. Zakaran da ke neman kyautar dala dubu 50 ba ya jin ihun kowa, lissafin agogo yake yi. Wannan da ke jan ƙafa shi ne "sannu da ƙoƙari" ke iya ɗagawa, shi ne kuma ya fi cin karo da mai dariya, da mai tsallaka titi ta gabansa da kaya a ka, da mai ɗaukar hotonsa don a yi masa ba'a a intanet. Matan da ke gudu sun fi kowa shan baƙar magana, wannan kuwa abin kunya ne ga duk namijin da ya ji ya yi shiru.

Ɗan kallo ɗaya na iya juya tsere. A gasar Olamfik ta Atina a 2004, Vanderlei de Lima na Brazil yana kan gaba wajen kilomita 35, sai wani tsohon limamin coci ɗan Ireland, Neil Horan, ya faɗo titi ya tura shi cikin jama'a. Wani ɗan kallon ne, Polyvios Kossivas ɗan Girka, ya yi wuf ya ƙwace shi ya mayar da shi kan hanya. De Lima ya ƙare na uku, kuma a 2016 shi aka ba girman kunna wutar gasar Rio. Horan da Kossivas a gefen titi ɗaya suke tsaye, babu wanda ya sa su.

Abin da ake nema bai taka kara ya karya ba. A tsaya bayan shinge, a riƙe hannun yara, a jira gurbi kafin a tsallaka. Kada a ce wa mai gudu "saura kaɗan" alhali kilomita goma na gabansa, domin ƙaryar takan karya masa gwiwa idan ya gano. In aka ga wani yana tangaɗi ko ya daina gane magana, a kira ma'aikatan lafiya nan take, zafi yana kisa. Masu shirya tseren su ma da nasu nauyin: ruwan sha da jami'an hanya su kai har kan mutum na ƙarshe, kada a saki motocin danfo a kansa yana tsakiyar titi.