Babbar lasifika ba ta isar da wa'azi

A yawancin majami'un da na shiga a Jos da Kaduna, tsarin ɗaya ne: manyan lasifika biyu a ƙasa, ɗaya dama da bagadi ɗaya hagu, an murɗa su har ƙarshe. Na bencin gaba kunnuwansu na zugi, na baya suna tambayar juna, "Me Fasto ya ce?" In kuka ya kai gaban dattawa, sai a ce a tara baiko a sayo wadda ta fi girma. A ganina wannan ɓarnar kuɗin ikkilisiya ce.

Sauti yana da ƙa'idarsa. Duk sanda nisa ya ninka, muryar da ke fitowa kai tsaye daga lasifika tana raguwa da kusan desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan). Tsakanin mai zama a mita 2 da mai zama a mita 16 ke nan akwai ratar desibel 18, kuma murɗa amfilifaya ba ya rage ta ko kaɗan. Abin da ke rage ta shi ne a rataye lasifikar sama da kawunan jama'a, a sunkuyar da fuskarta ta dubi bencin baya. Na gaba sun sami sauƙi, jikin mutane kuma ya daina tare muryar.

Sai ginin kansa. Rufin kwano, bangon siminti, daɓen tayil, duk mayar da sauti suke yi. Ka ƙara murya, ka ƙara amsa-kuwwa, kalmomi su cakuɗe. Labule mai kauri a bangon baya yana yin aikin da sabuwar lasifika ba za ta yi ba.

Idan zauren dogo ne, a kafa ƙananan lasifika a tsakiya, amma da sharaɗi. Sauti yana cin kusan mita 343 a daƙiƙa, wayar lantarki kuwa nan take take kai saƙo. Lasifikar da ke mita 17 daga bagadi za ta riga ta gaba magana da kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, har kunne ya ji kamar mutum biyu ke karanta aya ɗaya. Dole a saita mata jinkiri, kuma mikisa ta dijital tana da wurin yin haka. Kukan nan mai tsinka kunne da lasifika kan yi ma sau da yawa daga tsayawa da makirufo gaban lasifika yake zuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne jarirai da ake goyo a kusa da waɗannan akwatuna. Ko a ma'aikata, desibel 85 na awa 8 ne iyakar da masana lafiyar kunne suke gargaɗi a kanta, kiɗanmu kuwa yakan wuce nan.

Dattawa, kafin ku amince da sayen wani sabon kaya, ku kira wanda ya san aikin ya zagaya zauren yana saurare. Ku ma ku zauna a bencin ƙarshe ranar Lahadi mai zuwa, ku ji abin da tsofaffinmu ke ji.