A RIƘA GAYA MANA YAWAN RUWAN GULABENMU

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani abu da ya shafe mu duka a Katsina, amma ba kasafai ake tattauna shi ba, watau auna ruwan da ke gudana a gulabenmu.

Kowace shekara hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina, ta ce za a fara ruwa lokaci kaza, ya ɗauke lokaci kaza. Madalla da wannan. To amma ruwan da ya sauko daga sama daban, wanda ya bi gulbi kuma daban. Mu da muke shan ruwan Ajiwa ba gajimare ke cika mana famfo ba, gulbin Tagwai ne. Haka Karaduwa ke cika madatsar Zobe da aka gama a 1983, Gada kuma ke cika ta Jibiya.

Mutum zai ce ai lissafin a fili yake, in ruwan sama ya ragu gulbi ya ragu. Masu bincike ma haka suka zata da farko. Bayan farin 1973 da na 1984, sai wani Bafaranshe mai suna Jean Albergel ya duba ƙananan ƙoramu a arewacin Burkina Faso, ya bayyana a 1987 cewa ruwan sama ya ragu amma ruwan da ƙoramun ke kwasowa ƙaruwa ya yi. Daga baya aka ga irin wannan a Sirba da Dargol da Gorouol, waɗanda ke zuba a Kogin Kwara kafin ya iso Yamai. Dalilin kuwa duk manomi zai gane shi. Fari ya kashe itatuwa da ciyawa, mutane suka sare sauran suka share daji, ƙasa ta zama faƙo. In ruwa ya sauka a kan faƙo ba ya nutsewa, gudu yake yi. Ga gulbi ya cika ya batse cikin dare ɗaya, ga gona ba ta sha ba.

Sa'an nan yanayin kansa ya sauya. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017, wanda ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam, ya nuna cewa manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau 3 daga 1982. Ka haɗa ruwa kamar da bakin ƙwarya da ƙasar da ba ta shan ruwa, ka ga abin da zai biyo baya. Mun gani a Jibiya a watan Yuli na 2018, inda ambaliya ta ci rayukan mutum fiye da 40, Allah Ya jiƙansu. Ruwan da ke gudu da ƙarfi haka kuma ba shi kaɗai yake tafe ba, yashi da laka yake kwasowa ya zube su a cikin madatsa, tana cikewa daga ƙasa ba mu gani.

Me ya sa mutanen Yamai suke iya faɗin labarin koginsu dalla-dalla? Saboda tun 1929 ake auna shi a can. Shi ya sa suka san cewa a 1985 kogin ya tsaya cik a gaban birnin, a 2020 kuma ya hau har kusan mita 7, abin da ba a taɓa rubutawa ba kafin nan. Aikin fa ba wani tsafi ba ne. Sanda ce mai lambobi ake kafawa a gaɓa, mutum ɗaya ya duba safe da yamma ya rubuta a littafi. Lokaci-lokaci ma'aikata su zo su auna faɗin ruwan da zurfinsa da saurinsa, su san yawan da ke wucewa a kowace daƙiƙa. Wahalarsa ɗaya ce, ba ya son yankewa. Sai an tara shekara kamar 30 kafin a iya cewa wannan sauyin yanayi ne, wannan kuwa damina ce kawai ta zo da gardama.

Akwai kuma maganar maƙwabta. Gada in ya tsallaka iyaka shi ne Gulbin Maraɗi. A 1990 Nijeriya da Nijar suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suke tarayya a kansa, kuma Gada da Tagwai suna ciki. To ta yaya za a yi rabon adalci a kan abin da talakan ɓangarorin biyu bai san yawansa ba?

Saboda haka ina kira ga hukumar NIHSA mai kula da auna ruwan ƙasar nan, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da gwamnatin jiharmu, su riƙa fitar da alƙaluman gulaben nan da Hausa. A faɗa a rediyo kamar yadda ake faɗin farashin hatsi: yau Gada ya kai kaza a Jibiya, Ajiwa saura kaza ta cika. Malamanmu na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Tarayya da ke Dutsin-ma su ma su tura ɗalibai bakin gulbi, kowane aji ya miƙa wa na bayansa littafin. Kada a raina Ginzo da ke ratsa cikin gari don wai ƙorama ce. Masu lambu a Ƙofar Marusa da ita suke ci, kuma sabon gini da kwalta da aka shimfiɗa a wasu sassan birnin nan ruwansa can yake gangarawa.



Naka mai karatu kullum,
daga Ƙofar Ƙaura, Katsina.