Nasiha a Kan Littattafan Zane na Yara Maƙera

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Bayan haka, a wannan zamani an sami wani irin littafi na yara wanda labarinsa ke tafe cikin zane, maganar kowa rubuce bisa kansa. Galibi ƙagaggen labari ne: yaro ya ƙera na'ura mai ban al'ajabi, sa'an nan ya tarar ta gurɓata ruwa ko ta kori tsuntsaye, ya koma ya gyara. Mafi yawansu da harsunan waje suke. Abin da ya dace shi ne a yi wa yaran Gaya da Ajingi nasu da Hausa, boko da ajami, maimakon a tsaya ga kushe na wasu.

Hujja ta farko, ƙira gadon Gaya ce. Masu tarihi sun ruwaito cewa wani maƙeri mai suna Kano ya taso daga Gaya, ya sauka gindin Dala don neman tama, Abagayawa kuwa gare shi suke danganta kansu. Yaron da ke feƙe kara ya yi mota, ko ya fasa gwangwani ya haɗa fitila, bai bar hanyar kakanninsa ba. Abin da ya rasa mai nuna masa gaba.

Waɗansu malamai za su ce zane abin ƙi ne, ƙagaggen labari kuwa ƙarya ne. To, malaman Malikiyya sun rarrabe tsakanin sura mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe bisa takarda, ba su daidaita hukuncinsu ba, balle zanen na'ura da itace da kogi. A shekarar 1206 Al-Jazari ya kammala littafinsa na na'urori a ƙasar Diyar Bakar, cike da zane-zane, har da injunan ɗebo ruwa daga kogi. Littafin Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, dabbobi ne ke magana cikinsa, malamai kuwa suka karɓe shi a kan buga misali ne. A ƙasar Hausa ma Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, labarin yaron da aka kai yawo sararin samaniya.

Hujja mafi nauyi ita ce darasin da ke ciki, watau kowace dabara tana da biyan bashi. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992. Manoman rani na wajen Kura sun amfana, birnin Kano ya sami ruwa. Amma kogin nan da ya ratsa Wudil ya gangara Haɗeja ya sake hali: ambaliyar da ke ciyar da fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da makiyaya suka ji a jikinsu. Yaron da zai gaji injin ban ruwa a maimakon jigo, lalle ya san wannan tun yana ƙarami.

Akwai kuma misali na gaskiya. A ƙasar Kenya wani yaro makiyayi, Richard Turere, ya kewaye garken ubansa da fitilu masu walƙiya, ya haɗa su da batir da hasken rana. Zakoki suka ɗauka mutum ne ke yawo da tocila, suka bar zuwa. Shanu suka tsira, ba a kashe zaki ba. A 2013 ya ba da labarinsa gaban taro a Amurka. Irin wannan hankali ake so a shuka.

Saboda haka aiki ya rabu uku. Malamai su tsara labari, su tace shi. Ɗaliban jami'ar kimiyya ta Wudil su duba zanen na'ura, kada a koya wa yaro kuskure. Fatake su ɗauki nauyin ɗab'i, su kai kasuwa a farashin da talaka zai iya. Sharaɗi ɗaya ne, kada ya ture allo: lokacinsa Alhamis da Juma'a, sa'ad da aka tashi karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya shirya zuriya, ya albarkaci ƙasa da ruwa. Haza wasalam.