Ciwon gubar bakteriya da ya tayar da hankalin Japan

Daga farkon Janairu zuwa 2 ga Yunin 2024, hukumomin lafiya na Japan sun ƙirga mutum 977 da suka kamu da ciwon da likitoci ke kira STSS a taƙaice, adadin da ya haura 941 da aka samu a ilahirin 2023. Kusan uku cikin kowane goma da ciwon ya kama ba sa tashi.

Abin lura shi ne, ƙwayar da ke haddasa shi ba baƙuwa ba ce. Ita ce bakteriyar Istireptokokus da ke kawo ciwon maƙogwaro ga yara. Idan ta kutsa cikin jini ko tsoka ta wani rauni, sai ta saki guba mai harzuƙa garkuwar jiki har ta juya kan mai ita. Jini ya yi ƙasa, ƙoda da hanta su fara gazawa, wani lokaci cikin sa'o'i 48 kacal.

Duniya ta taɓa ganin ɗan'uwan wannan ciwo. Likitan yara James Todd ne ya bayyana shi a Amurka a 1978, kuma a 1980 aka gano alaƙarsa da audugar mata ta cusawa mai tsananin tsotse jini, inda bakteriyar Istafilokokus ke samun wurin hayayyafa. A watan Satumbar shekarar, kamfanin Procter & Gamble ya janye samfurinsa Rely daga kasuwa. Tun daga lokacin ake gargaɗin kada audugar ta wuce sa'o'i takwas a jiki.

Sai dai kuskure ne a ɗauke shi ciwon mata kaɗai, ko na ƙasashen ƙetare. Yana biyo bayan haihuwa, tiyata, ƙuna, har ma da ƙaramin yanka, kuma bai bar maza da yara ba. A nan gida hatsarin yana cikin kamanninsa: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, amai, gudawa da ciwon jiki, alamomin da yawancinmu za mu kira maleriya ko taifod mu aika kemis. Abin da ya kamata ya ɗaga hankali shi ne jiri ko ruɗewa, jan ƙurji da ya bazu a fata, ko raɗaɗin rauni da ya fi girman raunin.

Maganinsa sai a gadon asibiti: ƙarin ruwa, allurar kashe bakteriya ta jijiya, wani lokaci da tiyatar cire naman da ya mutu. Mai jego da zazzaɓi ya rufe kwanaki kaɗan bayan haihuwa ba ta da lokacin jiran a ga ko maganin maleriya zai yi aiki.