Adon Bakin Teku a Gidan Malami: Mu Duba Abin da ke Hannunmu Kafin Mu Ci Bashi

'Yan uwa malamai da iyalanmu na Gwandu da Kalgo, wani yayi ya shigo gidajenmu ta cikin wayoyin hannu, kuma ya kamata mu tattauna shi tun kafin ya kai ga aljihunmu. Duk mai leƙa Facebook ko TikTok ya ga irin ɗakunan nan: bango fari sol, ƙofa da tagogi shuɗi, labule marar nauyi da iska ke kaɗawa, tabarma a ƙasa, kwanduna da faya-fayai rataye a bango, ga tukunyar ƙasa a lungu an dasa fure a ciki. Masu tallarsa suna kiransa adon gidan bakin teku. Iyayen gida sun gani sun yaba, 'ya'yanmu mata sun adana hotunan, mu ma maza in za mu faɗi gaskiya mun ƙyasa. Ba laifi ba ne malamin da ya wuni cikin ƙurar alli da hayaniyar yara ya so ya dawo ɗakin da zai sanyaya masa ido.

Ra'ayinmu a nan shi ne: wannan ado yana yiwuwa a gidan malami, har ma ya fi dacewa da ƙasarmu mai zafi fiye da manyan kujerun katifa da labule masu kauri da muka saba tarawa. Amma sai mun yi shi da kayanmu na gida, da lissafi, daki-daki. Wanda ya ci bashi domin ya kwaikwayi hoton waya, ya sayi rashin barci ya kai shi cikin kyakkyawan ɗaki.

Mu fara da asalin abin. Fararen gidaje masu shuɗin ƙofofi da duniya ke ɗaukar hotonsu a tsibirin Santorini na ƙasar Girka, ko a garin Sidi Bou Said na Tunisiya, suna cikin wuraren da rana ke dukan bango ba sassauci. Farar ƙasa tana da arha, tana mayar da hasken rana, tana kuma tsabtace bango, shi ya sa mazauna gaɓar Bahar Rum suka riƙe ta tun kaka da kakanni. Dabarar masu ƙaramin ƙarfi ce, daga baya 'yan kasuwa suka naɗe ta suka sa mata tsada. In muka cire sunan teku muka dubi kayan da kansu, me muka gani? Farin bango, shuɗi, saƙar ganye, tukunyar yumɓu, da sarari a tsakar ɗaki. A cikin waɗannan wanne ne baƙo a ƙasar Hausa?

Kakanninmu mata sun shafe ɗakunansu da farar ƙasa, suka zagaye gindin bango da jar ƙasa. Sun yi daɓe suka shayar da shi makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, har ya yi sulɓi yana ɗaukar ido. Tabarmar kaba da ake saƙawa da ganyen goriba, da asabarin bakin ƙofa, da zanar gamba, da faifai mai launi-launi, da ƙwarya sassaƙaƙƙiya, duk sana'ar mutanenmu ce, kuma har gobe ana kasa su a kasuwanninmu, daga Jega har Birnin Kebbi. Shuɗin da ake yi wa kirari mun san shi tun daga baba da karofi. Marinar Ƙofar Mata a Kano tana aiki har yau. Magina kuwa sun haɗa laso da katsin marina da gashin jima da dafara domin ruwa ya zame daga soro, suka ƙawata fuskar zaure da zayyana, irin wadda ake zuwa kallo a Zariya da unguwar Birni ta Damagaram. Har jeren kwanuka da tasoshi na ɗakin amarya ilimin launi ne: uwar ɗaki ta san wane kwano zai zauna kusa da wane.

Ko bakin ruwan ma muna da namu. Teku yana can nesa da ɗaruruwan kilomita, amma fadamar Gulbin Rima ta shimfiɗu daga Argungu ta bi ta Birnin Kebbi ta gangara Kalgo da Bunza. Wanda ya tsaya a gefenta da kaka ya ga launukan da suka ishi kowane ɗaki: koren shinkafa, ruwan ƙasa na yashi, farin balbela, shuɗin sama a kan ruwa, da ruwan gorar masunta irin wadda ake shiga Matan Fada da ita a bikin kamun kifi na Argungu, bikin da UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016. Tsohuwar homa ko gora da aka wanke aka rataye a bango ta fi kifin roba da aka yo odarsa daga waje ma'ana a gidan ɗan Kebbi.

Yanzu batun kuɗi, wanda shi ne ƙashin bayan maganar. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin komai ya tashi, kuma hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. A watan Yuli na 2024 aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 a tarayya, Jihar Kebbi kuma ta sanar da Naira 75,000. Kowane malami ya san kwana nawa albashinsa ke yi bayan an auni hatsi, an biya magani, an zuba wa babur mai. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma akwai bambanci tsakanin bashin taki, wanda zai dawo da buhun shinkafa, da bashin fenti, wanda zai koɗe tun ba a gama biyansa ba. Mun ga abokan aiki da ake zaftare albashinsu wata da watanni saboda kujerun da yara suka riga suka yage. Shawararmu ita ce a ware abin da za a iya daga albashi ko daga kwasar adashi, a rubuta shi a takarda, sannan a yanka aikin daidai da shi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

In kuɗin ya samu, da me za a fara? Da abin da ido ba ya gani. A hau a duba kwanon rufi ko soro, a toshe yoyo, a gyara indararo, a cike tsagar bango, a buɗe wa ruwan tsakar gida hanyar fita. Waɗanda ke zaune kusa da fadama ba su manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa ta rusa gidaje a jihar nan. Bangon da ke shan danshi daga ƙasa yakan fitar da farin gishiri, kuma duk tsadar fentin da aka shafa masa sai ya kumbura ya ɓare. Raga a taga ita ma tana gaba da labule, domin kuɗin jinyar zazzaɓin cizon sauro na yaro ɗaya zai iya cinye kuɗin adon ɗaki duka. Sai an gama da waɗannan sannan a yi zancen launi.

Lokacin aikin ma yana buƙatar tunani. Dogon hutunmu yana faɗowa a tsakiyar damina, lokacin da bango ke jiƙe, saboda haka hutun ya fi dacewa da ɗinkin labule da rigunan matashi da gyaran kujeru. Shafe da fenti sun fi kyau bayan ɗaukewar ruwa, daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba, kafin ƙurar hunturu ta yi ƙarfi ta manne a ɗanyen fenti. Mu kuma guji jajibirin Sallah, lokacin da mai fenti da tela da kafinta kowa ke da layi, farashi kuma ya hau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu da muke koyar da lissafi bai kamata mai shago ya yi mana ƙiyasi da ka ba. Ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, 10 tsayi, bangonsa huɗu sun kai kimanin murabba'in mita 44. A cire ƙofa da taga, saura wajen 40. Shafa biyu ya zama 80. In an rubuta a jikin bokiti cewa lita ɗaya tana rufe murabba'in mita 8, to lita 10 ake buƙata, rabin babban bokiti mai lita 20 ke nan, sauran rabin kuma a raba kuɗinsa da maƙwabci. Sirrin wannan ado shi ne yawancin ɗakin ya kasance fari ko ruwan madara, launi mai ƙarfi kuwa a taƙaita shi ga ƙofa, da katakon taga, da bango ɗaya in an so. Ƙaramin gwangwani ya isa. Ragowar atamfa da shadda daga wurin tela za su yi rigunan matashi, tsohon benci in aka goge shi ya zama wurin zama, randa ta koma lungu da sabon faifai a bakinta.

Akwai wani haɗari da masu tallar launi ba sa ambata, kuma muna roƙon kowane uba da uwa su riƙe shi. Wasu fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan lemo masu ƙyalli, ana haɗa su da dalma. In fentin ya tsufa ya fara ɓarewa, ko aka kankare shi, ƙurarsa tana sauka a ƙasa inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa, kuma illarta tana kan ƙwaƙwalwa, tana rage fahimta, ba ta kuma gyaruwa. Mu maƙwabtan Zamfara mun san sunan wannan guba tun 2010, lokacin da dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta hallaka ɗaruruwan yara. Ma'aunin da ake bi a duniya shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti. Saboda haka a nemi gwangwanin da aka rubuta ba shi da dalma, a guji fentin da ake aunawa a kwalba ba suna ba adireshi, a yi amfani da fentin ruwa a cikin ɗaki, kuma a fitar da yara da masu juna biyu duk ranar da za a kankare tsohon fenti. Malami ne ya fi kowa sanin ciwon yaron da ake maimaita wa darasi bai riƙe ba.

Farin launi kuwa yana da ladan da ya wuce kyau. A watannin Maris zuwa Mayu zafi a nan yakan haura digiri 40, kwanon rufi ya mayar da ɗaki kamar tanderu. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 da ya kashe mutane da yawa, ya fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013, daga baya aka shiga shafa wa rufin gidajen talakawa farar ƙasa domin rage zafin ciki. Abin da suka gwada ba ya fi ƙarfinmu. A dai kiyaye ido da hannu lokacin kwaɓa ta, domin tana ƙuna.

Mun san za a yi mana ƙorafi. Wani zai ce farar ƙasa tana shafar tufafi kuma sai an sabunta ta duk shekara. Gaskiya ne, a bar ta ga katanga da zaure da bayan ɗaki, a sa fentin ruwa inda ake jingina. Wani zai ce gidan haya yake. To ya zuba kuɗinsa a abin da zai naɗe ya tafi da shi ranar da aka yi masa canjin makaranta: tabarma, labule, asabari, faya-fayai. In zai taɓa bango, ya yi magana da mai gida a gaban shaida a kan cire kuɗin daga haya. Ƙorafi mafi nauyi shi ne na masu ganin tabarma da ƙwarya ƙauyanci ne, kada baƙi su ce malam ya gaza. Amsarmu ita ce, kayan nan da muke jin kunyarsu su ne ake jerawa a manyan otal-otal ana kiransu ado. In mai ilimin gari ya shimfiɗa tabarmar kaba a falonsa da alfahari, gobe mai saƙar ta sami ciniki, kuma wataƙila ɗanta yana ajinmu yana jiran kuɗin littafi.

Mu tuna kuma ɗaki na mai ɗaki ne. Maigida kada ya je kasuwa shi kaɗai ya dawo da launin da ya ga dama. A zauna da uwargida, da amarya in akwai, a ji ta bakin yara, a yi wa kowane ɗaki adalci a kasafi, domin fentin da ya tsaya a ƙofa ɗaya ya tsallake ɗaya ya fi yoyon rufi ɓarna.

Daga ƙarshe muna kira ga reshenmu. Malamai biyar ko goma a unguwa ɗaya za su iya haɗa kuɗi su sayi fenti da raga a sari, su mallaki tsani da burushi na tarayya, su kuma farfaɗo da gayya: wannan Asabar a gidan wane, mai zuwa a gidan wance. Malaman zane da na koyar da sana'a da ke cikinmu su ja ragamar zaɓen launi da zayyanar bakin zaure. Muna ba da shawarar a sa wannan batu cikin ajandar taron reshe na gaba, domin a tsara rukunin farko kafin ruwa ya ɗauke. Allah Ya sa albarka a cikin abin da muke samu, Ya zaunar da gidajenmu lafiya.