Ra'ayinmu: A Raba Gardamar Mai Baka da Mai Wuƙa

'Yan'uwa ɗalibai, duk wanda ya ratsa ɗakin hutawa da dare a wannan zango ya ga wani sabon wasa da ya shigo mana, wanda ake yi a kan tebur da takarda da fensir da ƙwayar lido mai fuska 20. Sunansa Dungeons & Dragons, wasu Amurkawa biyu ne, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a shekarar 1974. Mutum guda yana ba da labari yana kuma alƙalanci, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda yana yi masa magana. Ba a sa kuɗi, saboda haka ba caca ba ne. Amma fa ya haddasa gardamar da ta kai wasu abokai ba sa ga maciji da juna, shi ya sa muka ga ya wajaba mu tsoma baki.

Tushen gardamar shi ne jarumin nan mai sanɗa, wanda aka ƙara cikin wasan a 1975 da sunan ɓarawo. A wancan lokaci sai ya lallaɓa ta bayan abokin gaba kafin saransa ya ninka. A dokokin 2014 kuwa an yarda masa ya yi wannan mugun lahani da kibiya daga nesa, muddin wani abokinsa yana tsaye dab da wanda za a harba. Watau mai wuƙa ya shiga tsakiyar dāga yana shan sara, mai baka yana laɓe a bayan dutse, sa'an nan ladansu ya zo kusan ɗaya. Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, to ga wani yana cin zomo a zaune. Ba mamaki da yanzu kowa baka yake nema, har an rasa mai shiga gaba.

A ganinmu maganin abin yana cikin tarihinmu. A Tabkin Kwatto, cikin 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu yawa, jama'ar Shehu kuwa dawakinsu kaɗan ne, amma 'yan baka suka karya rundunar Gobir. Haka nan a kudancin ƙasar Kano ta dā, inda wasunmu suka fito, watau Kangire da sauran garuruwan Birnin Kudu da Gwaram, mutane sun sha hare-haren Ningawa tun daga tsakiyar ƙarni na 19. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi ya yi ta fama da su, domin kuwa da zarar sun haye duwatsunsu, doki ba ya da sauran amfani, sai kibiya mai dafi. Amma a fili sarari labari yakan juya. Lifidi yana tare kibiya, kwari yana ƙarewa, kuma idan barade suka cim ma ɗan baka, to ba shi da abin kāre kansa. Ashe ba makami ne ke fin makami ba, wuri da lokaci su ne ke yanke hukunci.

Saboda haka muna ba alƙalan wasan shawara uku. Ta farko, a riƙa ƙirga kibau, wanda kwarinsa ya ƙare ya zare wuƙa kamar kowa. Ta biyu, a daina shirya kowane faɗa a fage iri ɗaya. Yau a yi shi kan tsauni inda baka ke sarauta, gobe a lungun gari ko cikin duhun dawa inda ba a hangen nesa. Ta uku, wanda ya kusanci abokin gaba a saka masa gwargwadon kasadarsa, ko da ƙarin rabo daga ganima ne. Ba muna cewa a karya bakan kowa ba ne, muna so ne mai zaɓe ya san kowace hanya da ribarta da hasararta.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci. Abin kunya ne a ce ɗalibin da ya tashi a gindin duwatsun Birnin Kudu ya haddace sunayen dodannin Turawa, alhali bai san bambancin lifidi da sulke ba. Muna kira ga 'yan'uwanmu na sashen Tarihi da na Hausa su haɗa kai su tsara mana wasa irin namu, mai barade da dakaru da 'yan baka, da ganuwa da tsauni. Hutu yana tafe, kowa ya je gida ya zauna gaban dattawa da littafinsa, ya rubuta abin da suka ji daga kakanninsu, tun kafin ƙasa ta rufe masu ido.

Daga ƙarshe muna tunatar da 'yan wasa cewa jarrabawa ta ƙarato, ita kuwa ba a harbinta daga nesa. Allah Ya ba mu sa'a, amin.